Filin Kula da Gida: Idan Injin Wanki Ya Yi Gardama

Injin wanki mai murfi a sama, wanda a shekarun baya sai a gidajen manyan ma'aikata ake ganinsa, yanzu ya shiga gidaje masu yawa a Legas da Ibadan da Abuja da Kano, har ma masu sana'ar wanki da guga sun fara ajiye shi a shagunansu. Da shigowarsa kuwa sai wata sabuwar rigima ta biyo bayansa, watau rigimar gyara. Inji ya tsaya da ruwa cike da cikinsa, uwargida ta aika a kira mai gyara, shi kuwa tun bai sunkuya ya leƙa ba ya yanke hukunci cewa fanel ya ƙone ko moto ya mutu, sa'an nan ya yanka kuɗi mai tsoka. Akwai masu gyara na kirki masu tsoron Allah, wannan ba a musunsa. Amma wanda bai san kome ba game da kayansa ba shi da bakin ciniki, abin da aka faɗa masa shi zai biya.

Abin da ya kamata mai inji ya riƙe shi ne, injin nan ba shi da wata dabara mai zurfi. Aikinsa huɗu ne, kuma a jere yake yin su: ya ɗebi ruwa, ya cuɗa kaya, ya zubar da ruwan, ya matse. Mai sarrafa kansa ba ya tsallake ɗaya ya tafi na gaba, don haka wurin da ya tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. Wanda ya tsaya ya lura, ya kasa kunne, ya riga ya yi rabin aikin mai gyara.

Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasar nan. Akwai mai tagwayen tukwane, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti ko da tiyo a murɗa agogonsa da hannu. Akwai kuma mai tukunya ɗaya wanda ke yin kome da kansa bisa umarnin fanel, watau ɗan allon lantarki da ke ƙarƙashin maɓallansa. Na Amurka galibi suna da sanda mai fukafukai a tsakiyar tukunya, dabarar da kamfanin Maytag ya fito da ita a 1922, na ƙasashen Asiya kuwa, waɗanda suka cika kasuwannin Nijeriya, faifai ne shimfiɗe a ƙasan tukunyar yake juyawa dama da hagu. Ko wane iri ne, kafin a sa hannu a bayansa ko ƙarƙashinsa tilas ne a zare fulogi daga bango. Kashe makunni kawai bai isa ba.

In inji ya yi shiru gaba ɗaya, ko fitila ba ta kama ba, sai a fara da bango kafin a tuhumi injin. A jona dutsen guga a soket ɗin a ga ko zai yi zafi. In soket lafiya yake, a buɗe fulogin a duba fis ɗinsa, wanda a fulogi mai ƙafa uku yawanci na amfiya 13 ne, a kuma duba ko wata waya ta saki ko ta yi baƙi. Wasu injunan suna da makullin yara, wanda in an danna shi bisa kuskure dukan maɓallai sai su daina amsawa, allon ya nuna haruffan CL. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a biya kuɗin mota da na aiki saboda maɓallin da yaro ya danna.

Sai dai maganar wuta a Nijeriya ba ta tsaya ga akwai ko babu ba. Wutar da aka ƙa'ide wa gidaje a ƙasar nan mai ƙarfin bolt 230 ce, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, amma kowa ya san irin wadda takan iso wasu unguwanni da maraice, wadda ko fanka da ƙyar take juyawa. Moto da aka ba raunanar wuta yakan yi gurnani ya kasa tashi, yana nan yana ɗaukar zafi, har wani ɗan makunnin kariya da ke cikinsa ya yanke masa wuta. Sai ya huce sa'an nan ya sake kamawa, shi ya sa akan ji ana cewa injin yana aiki ne in ya ga dama. Maganin wannan sitabilaiza ce wadda ƙarfinta ya zarce abin da aka rubuta a bayan injin, ko kuwa a jinkirta wankin zuwa lokacin da wuta ta cika. Ƙaramin janareta ma haka yake wahalar da shi, domin moto yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, shi kuwa faifan wanki tsayawa yake yi ya sake tashi bayan kowaɗanne 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya fi ƙona fanel kuwa shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke. Hukumar NEPA dai ta sauya suna tun 2005, an kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, amma sunan bai bar bakin jama'a ba, halin ma bai sauya da yawa ba. Da an ɗauke wuta, a zare fulogi.

Masu sayen na gwanjo a Alaba da makamantanta suna da nasu tarkon. Injin da aka ƙera domin Amurka na bolt 120 ne mai bugu 60, na Japan kuwa na bolt 100 ne. In an jona irinsu kai tsaye, nan take za su ƙone. In ma an sa taransifoma ta rage ƙarfin wutar, ba ta iya sauya yawan bugunta, saboda haka moton da aka yi domin bugu 60 zai riƙa gudu da kashi biyar cikin shida na saurinsa, yana kuma yin zafi fiye da kima. Duk wannan a rubuce yake a ɗan allon da ke manne a bayan inji, kuma karanta shi ba ya cin minti ɗaya.

Yanzu sai ruwa, wanda shi ne tushen yawancin ƙorafin masu inji mai sarrafa kansa. An kunna, ana jin wata 'yar ƙara kamar ta ƙudan zuma a bayansa, amma ruwa ba ya shiga, ko kuwa yana ɗiga kamar hawaye, can sai injin ya yi kuka ya tsaya. Na kamfanin LG yakan nuna IE, na Samsung kuwa 4E ko 4C, ma'anarsu duka ɗaya ce, ruwa bai iso ba. Ƙarar nan da ake ji ta bawul ce, watau ƙofar lantarki da ke buɗe wa ruwa hanya, kuma jin ta alama ce cewa fanel ya ba da umarni yadda ya kamata. To, a rufe famfo, a kwance tiyo daga bayan injin, a leƙa bakin da aka cire shi. Akwai wata 'yar raga a wurin wadda faɗinta bai wuce na kwabo ba. A gidan da ke shan ruwan rijiyar burtsatse, ko wanda ya daɗe bai wanke tankinsa ba, ragar nan takan toshe da yashi da tsatsa har ta zama kamar an shafe ta da laka. A zaro ta a hankali da filaya, a wanke da tsohon burushin haƙori, a mayar. Wasu sukan ga cewa ita ce matsalar sai su yar da ita, ruwa kuwa ya shiga da gudu, su yi murna. Murnar ba ta daɗewa, domin yashin da ragar ke tarewa sai ya wuce cikin bawul ya hana shi rufewa.

In raga tsaf take amma ruwan ba shi da ƙarfi, sai a ɗaga kai a dubi tanki. Mutane da yawa suna zaton babban tanki shi ke ba da ruwa mai ƙarfi, alhali kuwa girman tanki ba ya ƙara kome a nan, tsayin da ke tsakanin saman ruwan da bakin famfo shi ne ma'auni. Sai ruwa ya sauko daga tsayin mita 10 sa'an nan yake danna kowace murabba'in santimita da nauyin kilo ɗaya. Tankin da aka ɗora a kan bulo huɗu a tsakar gida ba zai iya tura ruwa ta cikin bawul yadda ake bukata ba, kome cikarsa. Ko dai a ɗaga shi, ko a sa ɗan famfon lantarki mai ƙara wa ruwa ƙarfi, ko kuwa tun farko mai irin wannan gida ya sayi mai tagwayen tukwane, wanda ba ruwansa da ƙarfin famfo. A gaskiya ma, ga gidan da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, mai tagwayen ya fi dacewa nesa ba kusa ba, ko da yake masu shago sun fi son su tallata ɗaya saboda tsadarsa.

Akasin wannan shi ne inji ya yi ta ɗibar ruwa ba tsayawa har ya yi ambaliya. A nan akwai gwaji mai sauƙi wanda ke raba gardama. Yana cikin ɗibar ruwan, a zare fulogi. In ruwa ya ci gaba da shiga alhali babu wuta, bawul ne ya maƙale a buɗe, sai a rufe famfo a nemi sabo. In kuwa ruwan ya tsaya cak, bawul ba shi da laifi, ma'aunin ruwa ne ya daina gaya wa inji cewa ya ƙoshi. Wannan ma'auni da iska yake aiki: wani siririn tiyo ne ya taso daga gindin tukunya zuwa sama, ruwa na hawa yana matsa iskar da ke ciki, iskar kuma ta tura makunni. In tiyon ya tsage, ko ya zame, ko dattin sabulu ya toshe shi, ko ɓera ya ci shi, to, saƙo ba zai isa ba. Ɓeraye kuwa suna son ƙarƙashin injin wanki ƙwarai, shi ya sa wasu kamfanoni ke haɗo shi da faranti na rufe gindinsa, wanda sau da yawa akan bar shi cikin kwali a yar.

Ruwa ya shiga, saura cuɗa. A nan kunne ya fi ido amfani. In ana jin moto yana gurnani a wuri ɗaya, faifai bai motsa ba, wuta kuma cikakkiya ce, a zare fulogi a gwada juya faifan da hannu. In ya ƙi juyawa, wani abu ne ya shige ƙarƙashinsa, tsabar kuɗi ko makulli ko ƙusa ko allurar ɗaura ɗankwali. Noti ɗaya ne a tsakiyarsa yake riƙe da shi, in an kwance sai a ɗaga. In kuwa yana juyawa sumul da hannu, mai yiwuwa kafasita ce ta mutu, watau 'yar gwangwanin nan da ke ba moto turin farko, irin wadda ake sauya wa fankar sama in ta yi sanyi. Kuɗinta kaɗan ne in an kwatanta da na moto, kuma motoci masu yawa da aka ce sun mutu kafasitarsu ce kawai ta gaji. Sai dai tana iya riƙe wuta a cikinta bayan an zare fulogi, saboda haka wanda bai saba ba kada ya taɓa bakinta, kuma sabuwar tilas lambarta ta zama daidai da ta tsohuwar. Wani lokaci kuma moto yana gudu lafiya lau amma kaya suna kwance ba motsi. Wannan ko bel ne ya saki ko ya tsinke, ko kuwa haƙoran da ke cikin ramin faifan sun cinye, sandar tana juyawa ita kaɗai.

Abin da ke kashe bel da haƙoran nan da wuri lodi ne. Kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne, kuma ba a nufin a danna su da gwiwa. Babbar riga ta shadda guda ɗaya in ta sha ruwa ta fi tarin kayan yara nauyi. Kaya su riƙa juyawa suna nutsewa suna tasowa, in sun tsaya cik a sama, lodin ya yi yawa.

Wajen zubar da ruwa akwai ƙa'idoji biyu masu karo da juna, kuma rashin sanin wadda ta shafi injin mutum ya sa an kira masu gyara ba adadi. Mai tagwayen tukwane da yawancin masu faifai ba su da famfon tura ruwa waje, gangara kawai ruwan yake yi, don haka tilas tiyonsu ya kwanta a ƙasa, kada ya hau dakali, kada kuma bakinsa ya nutse cikin kwata. Wanda ke da famfo kuwa so yake a rataye tiyonsa sama, wajen mita ɗaya daga ƙasa, in an kwantar da shi sai ruwa ya riƙa zurarewa tun ana zubawa, tukunya ba za ta taɓa cika ba. Littafin da ya zo da injin ya faɗi ko wane iri ne. In tiyo yana daidai amma ruwa ya ƙi fita, LG zai nuna OE, Samsung kuma 5E ko 5C, sai a nemi lanƙwasa ko toshiya: zare, safar yaro, tsabar kuɗi. A mai tagwaye, wata roba ce mai sifirin take toshe mafitar ruwan, in ɗan maɓallin riga ya maƙale a bakinta sai ruwa ya yi ta tsiyaya ana cikin wanki. Abin lura kuma shi ne, inji mai sarrafa kansa ba ya fara matsa sai ya tabbatar ruwa ya fita. Sau da yawa in an ce inji ya daina matsa, a mafitar ruwa laifin yake.

In ruwa ya fita amma matsa ta gagara, a fara da murfi. Akwai makunni a jikinsa wanda ke hana tukunya gudu in murfin a buɗe yake, in ya karye ko ya goce sai inji ya ɗauka har yanzu ba a rufe ba. Wasu masu gyara sukan haɗe wayoyinsa su ce an huta. Wannan ganganci ne, domin tukunyar matsa tana zagaye ɗaruruwa a minti ɗaya, kuma hannun yaro da ya shiga cikinta ba ya fitowa yadda ya shiga. A mai tagwaye murfin yana ɗaure da birki ta wata siririyar waya, in ta tsinke birkin sai ya zauna a kame, moto ya yi ta gurnani. Akwai kuma robar da ke kewaye da sandar tukunyar matsa, wadda in ta tsage ruwa ke ɗiga kai tsaye a kan moton da ke ƙasa. Wanda ya sauya moto bai sauya robar nan ba, ba da daɗewa ba zai sake sayen wani.

Girgiza da buga jiki kuwa, har inji ya riƙa tafiya kamar mai rai, galibi daga kaya ne da suka taru gefe ɗaya, alamarsa UE ko Ub. A tsayar, a baza kayan, a kuma tabbatar ƙafafu huɗu suna taka ƙasa daidai. In tukunyar tana lilo da yawa ko da babu kaya, sandunan nan huɗu da take rataye a kansu sun gaji, kuma tare ake sauya su. Kada a raina wannan. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Samsung ya yi kiranyen injuna masu murfi a sama wajen miliyan 2.8 a Amurka, bayan rahotanni 733 na mummunar girgiza ko ɓallewar saman injin, har wani ya karye a muƙamuƙi, kuma an danganta haɗarin da matse kayan shimfiɗa da manyan kaya da waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Rigar ruwa da shimfiɗar roba ta jarirai da labulen banɗaki sukan riƙe ruwa kamar salka, su karkatar da tukunya tana tsakiyar gudu. Irin waɗannan a wanke su da hannu.

Game da sabulu, kuskuren da aka fi yi shi ne zaton yawan kumfa shi ne tsabta. Garin sabulu in ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa, sai ya bar fari-fari a jikin baƙaƙen kaya, musamman da sanyin hunturu lokacin da ba ya narkewa da wuri, ragowar kuma ta taru a bayan tukunya inda ido ba ya gani, ta haɗu da datti ta zama wani baƙin dafi mai wari wanda ke ɓantarowa ya manne wa fararen kaya. A narka garin a ɗan ruwan ɗumi kafin a zuba, a wanke 'yar jakar da ke tace zare bayan kowane wanki, a bar murfi a buɗe tukunya ta sha iska. Sau ɗaya a wata a cika ta da ruwa ba kaya, a zuba ɗan bilic a bar ta ta juya. Amma kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan tsami ko maganin wanke masai, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu.

Akwai alama ɗaya da ba a yi mata jinkiri ko kaɗan, ita ce inji ya riƙa jan mutum in ya taɓa jikinsa ko ruwan cikinsa, ko da ɗan tsikari ne. Wannan yana nufin wuta tana zurara inda bai kamata ba, kuma wayar ƙasa da ya kamata ta kwashe ta ba ta aiki, ko dai an karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga wani soket, ko kuwa gidan ma tun farko ba a yi masa wayar ƙasa ba. Tsikarin da mai takalmi ya ji ya yi dariya, shi ne zai iya kashe wadda ke tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti. A daina amfani da injin nan take, a kira mai aikin lantarki, a kuma nemi ya sa na'urar nan mai yanke wuta da kanta da zarar zurarar ta kai miliamfiya 30. Haka nan ba a barin tukunya cike da ruwa a tafi, in akwai ƙaramin yaro mai iya hawa kujera ya leƙa.

Abin da ya rage bayan waɗannan na mai gyara ne: ƙara kamar ta jirgi a lokacin matsa, wadda ke nuna boris ya ci, ko baƙin mai a ƙarƙashin inji daga akwatin giya, ko ƙaurin ƙonewa. In injin sabo ne yana cikin wa'adin garanti, kada a bari kowa ya kwance shi, a nemi wakilin kamfanin da rasit a hannu. In kuwa mai gyaran unguwa ne zai zo, a gaya masa a wane mataki injin ya tsaya, da irin ƙarar da ya yi, da haruffan da ya nuna, da abubuwan da aka riga aka duba. In ya ce fanel ne, a tambaye shi ko ya gwada bawul da kafasita da makunnin murfi, a ga sabon kayan kafin ya ɗaura, tsohon da ya cire kuma ya bar shi a gidan.